Idan Aka Ce Miki "To"

Nassarawa GRA, Kano.

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Legas lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wajen sabon aikinki. Na saka ta a aljihun gefen akwatinki, inda kike ajiye cajar waya, don nan ne kaɗai na tabbata za ki buɗe a ranar farko. Ki gaishe min da yayanki da iyalinsa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gidan da kika baro yanzu ba shi da wani labari. Shekaranjiya muna cin abinci kika ce, "Abba, idan na kama aiki zan shiga reshen kulob ɗinku na can. Ina so in yi irin abin da ka yi." Na ce miki, "To." Kika ɗauka na amince, kika ci gaba da zuba miya. Ban amince ba, ban kuma ƙi ba. Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin teburin cin abinci, ni kuma ban taɓa iya yi wa 'ya'yana doguwar magana ido da ido ba, sai dai in ba da umarni. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ki shiga. Na fara da wannan don kada abin da zai biyo baya ya sa ki ɗauka hana ki nake yi. Ƙungiya ce ta masu sana'a, likita da lauya da injiniya da ɗan kasuwa, kowa ya kawo abin da ya iya a yi wa jama'a aiki kyauta, kuma na ga alherinta da idona. Na ga tsohon da aka cire wa yanar ido ya kama hannun likita ya ƙi saki. Ke kuma kin karanci zanen gine-gine kamar ni, kin ma fi ni hannu, duk da ban taɓa faɗa miki ba. Ilimin da ba ya fita daga ofis ilimi ne mai rowa. Amma da kika ce irin abin da na yi, na san hotunan falo kike nufi: ni da babbar riga ina yanka kintinkiri, ni ina karɓar lambar yabo. Hotunan nan ba ƙarya suke yi ba, sai dai ba su faɗi rabin abin da ya faru ba.

Kuskurena na farko tun a bakin ƙofa na yi shi. Ban shiga kulob don jama'a ba. Ina sabon dawowa daga karatu, na buɗe ɗan ofishina, ba wanda ya san ni, sai na ji cewa duk ranar Talata manyan gari suna zama teburi ɗaya, kuma kowa ana kiransa da sunansa. Teburin nake so. Son aikin daga baya ya zo, ya tarar da son a san ni ya riga ya kama kujera, kuma bai taɓa tashi gaba ɗaya ba. Ba na ce ki jira sai niyyarki ta yi tas kafin ki shiga, in haka ne ba wanda zai shiga. Amma ki san abin da ya kai ki. Wanda bai yarda yana son yabo ba, yabon ne ke tuƙa shi bai sani ba.

Na biyu shi ne babba, kuma ban taɓa ba wa ɗayanku labarinsa ba.

Shekarar da aka ba ni shugabancin kwamitin ayyuka, kina 'yar firamare, muka yanke shawarar gina banɗakuna a wata makarantar Islamiyya a unguwar Kawaji. Yara mata sun fi yawa a makarantar, masai ɗaya ne gare su, shi ma ya kusa ruftawa. Yarinya in ta matsu sai ta tafi gida, in ta tafi kuma ba ta dawowa sai washegari. Na karɓi aikin da hannu biyu. Na zauna na yi zanen da har yau ba na jin kunyarsa a takarda: ƙofa takwas a jere, kowace da bututun fitar da wari, na duba inda iska ke kaɗowa, na duba inda rana za ta riƙa dukan bututun, har wurin ajiye buta na fitar. A wajen taron Talata aka tafa min.

Wanda na ba ginin shi ne Malam Idi birkila, dattijon da ya daɗe yana yi min aiki. Ranar da za a zuba simintin saman ramukan na tarar da shi yana jujjuya takardar. Ya ɗaga kai ya dubi ɗan masallacin makarantar, ya sake duban takardar, sannan ya ce, "Injiniya, ranka ya daɗe, da an ɗan juya bakin ramukan nan sun kalli kudu."

Na ce, "Malam Idi, iska ce ta sa na ajiye su haka."

Ya ce, "E, gaskiya ne. Sai dai ba don iskar ba..."

Ina da wani aikin da ke jirana, mota tana kunne. Na ce, "Ka bi zane kawai."

Ya naɗe takardar, ya ce, "To."

Aka gama gini, aka yi fenti, aka kafa rumfa da lasifika. Yara suka yi jeri, mai unguwa ya yi jawabi, aka liƙa allon marmara mai sunan kulob da nawa a ƙasa. Na miƙa wa shugaban makarantar makullai, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To, Allah Ya saka da alheri." Hoton ranar shi ne wanda ke kusa da agogo a falo.

Sai bayan shekara guda na koma, shi ma don mun yi baƙi daga wani reshe, ina so in nuna musu aikina. Na tarar da ƙofofin a kulle. Aka daɗe ana neman makullai. Da aka buɗe ta farko na ga wuri fes, har na juya zan ce wa baƙina su ga yadda mutanenmu ke riƙe kaya da daraja. Aka buɗe ta biyu, karyayyun bencina ne a ciki. Ta uku tsofaffin tabarmi. A ta huɗu takardar buhun siminti tana nan a inda Malam Idi ya bar ta. Ba wanda ya taɓa shiga ko ɗaya.

Na ja shugaban makarantar gefe na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin, ya ce, "Injiniya, gini kam ya yi kyau ƙwarai. Sai dai duk wanda ya tsuguna a ciki, alƙibla yake fuskanta. Iyayen yara sun ce ba za a yi ba."

Mamana, ni ne mai salla biyar a rana ina kallon wannan gabas ɗin. A gidan da na taso a cikin birni, ko kaza ta san ba a juya masai haka. Amma da na hau teburin zane sai na ajiye duk wannan a waje kamar takalmi. A kowace takarda da na taɓa zanawa akwai kibiya mai nuna arewa, haka aka koya mana, ban taɓa neman gabas ba. Malam Idi bai yi boko ba, kallo ɗaya ya yi ya gani, ya buɗe baki zai faɗa min na rufe masa shi.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, idan kin je wuri da mota mai kyau da takarda a hannu, kina kuma kawo musu abu kyauta, ba wanda zai ce miki a'a. Mutanenmu ba sa kunyata mai alheri. Za su ce "to", kuma "to" ɗin nan kala-kala ne. Akwai na yarda, gajere ne, yana fita da sauri. Akwai wanda ake ja kaɗan a sunkuyar da kai, ma'anarsa na ji, kin fi ƙarfina, Allah Ya sa ki gane da kanki. Wannan na biyun shi ne ya kamata ya tsayar da ke. Ki kashe motar, ki zauna, ki ce, "Baba, ƙarasa maganarka." A Legas ba "to" za su ce miki ba, amma suna da tasu kalmar, kowane talaka yana da ita. Ki neme ta tun a watan farko, kafin ki zana musu ko layi ɗaya.

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na tafi neman hujja. Na sami wani malami na tambaye shi, ya ce in dai a cikin gini ne akwai sassauci a wajen malamai da yawa, a fili ne abin ya fi tsanani. Gaskiya ya faɗa min. Na ɗauko fatawar nan ina murna, na sa aka tara min iyayen yara a ƙarƙashin darbejiyar makarantar, na yi musu bayani tiryan-tiryan. Suka saurara da ladabi. Can daga bayan taro wata tsohuwa ta ce, "Alhaji, shi malamin da ya faɗa maka haka, nasa na gida ina ya kalla?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci, na ce mun kawo musu ci gaba suna neman kai mu baya. Mai unguwa ya ce, "To, mun ji." Ina barin wurin aka mayar da kwaɗo.

Na yi fushi na daina bin hanyar Kawaji. A wajen taro in aka tambaya sai in ce aikin yana nan lafiya. Shekara biyu aka ƙara a haka, yaran nan suna tafiya gida a tsakiyar darasi, kuma waɗanda suka fara girma wasunsu suka daina zuwa ma gaba ɗaya. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai har yau. Saboda haka in kin yi kuskure a aikin jama'a, kada ki je neman wanda zai ce kina da gaskiya. Za ki same shi, kullum akwai shi. Ko da gaskiyar taki ce a littafi, su ne za su shiga ɗakin, ba ke ba.

Ummanki, Allah Ya jiƙan ta, ita ta kawo ƙarshen abin. Wata Asabar da safe ina ƙorafin rashin godiyar mutane, ta bari na gama, ta ce ita tun watan da aka buɗe ginin ta san ba a shiga, wata 'yar'uwarta da ke aure a unguwar ta faɗa mata. Na ce, "Shi ne ba ki gaya min ba?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ranar da ka shimfiɗa zanen a kan teburin nan na ce maka ina gabas take a ciki, ka ce in kawo maka shayi."

Ban tuna ba. Har yau ban tuna ta yi tambayar ba, amma na san ta yi, don ba ta ƙarya, kuma amsar tawa ce sak. Ranar Litinin na nemi Malam Idi. Na yi ta kewaye-kewaye, shi kuwa bai bari na ƙarasa jin kunyata ba. Ya ce, "Kwana huɗu ne aikin, Injiniya. A fasa saman a sake zubawa." Kwana huɗun kuwa aka yi. Babu rumfa, babu hoto, ban ma sanar da kulob ba sai daga baya. Shekara uku na tsare ƙofofin nan da girman kaina a kan aikin kwana huɗu.

Za ki yi tsammanin daga nan na koyi saurare. A wajen gini na koya. A gida ban koya ba.

Talata taro, Asabar duba aiki, ƙarshen wata tafiya wani gari, in na zama shugaban wani abu kuma sai abin ya ninka. Duk lokacin da na ɗauki hula na ce, "Na tafi kulob," Ummanki "to" take cewa. Shekara da shekaru ina jin kalmar a matsayin izini. Na fi kowa sanin halin da rijiyar wani ƙauye ke ciki, amma ban san yaushe ta daina kallon shirin da take so ba, ban san yaushe ƙawayenta suka rage zuwa ba. Da ciwon ya kama ta, kin gani da idonki, na mai da jinyar tamkar wani aikin kwamiti. Na kira likitocin kulob, kuma Allah Ya saka musu, sun tsaya mana tsayin daka. Na tsara lokutan magani a takarda na liƙa a bango, na sa aka sake ginin matakalar ɗakinta don keken guragu ya shiga. Wata rana da yamma na shigo da waya a kunne ina magana da likita, ta buga gefen gado da tafin hannu ta ce, "Zauna." Na ce, "Bari in gama da likita." Ta ce, "To." Na gama da likita na shiga wani kiran. Ta ƙara wata biyu a duniya bayan wannan, na zauna da ita sau da yawa, amma ba ta sake cewa in zauna ba, kuma ban san abin da ta so ta faɗa min ranar ba.

Aikin jama'a yana da daɗi saboda baƙo ba ya sanin aibinki, godiya kawai yake yi. Na gida shi ya san ki, shi ya sa zama da shi ya fi wuya, kuma mutum yana iya ɓuya a cikin alheri shekara talatin yana gudun gidansa ba wanda zai zarge shi. Idan Allah Ya ba ki miji da 'ya'ya, kada ki bari su riƙa karɓar ragowarki. Wanda ya ce ki zauna, ki ajiye wayar a lokacin.

Yanzu bari in faɗa miki inda abin ya kai ni, ba don ki ji tausayina ba. Har yanzu ina zuwa taron Talata. Yara ne suka cika wurin, sa'o'in yayanki, masu kirki. In na shiga su miƙe, su ba ni kujerar gaba, su ce, "Baba, sannu da ƙarfin hali." Shawara kuwa sun riga sun gama ta a waya kafin a zo. A ƙarshe a ce in rufe taro da addu'a. Kwanaki na ga zanen wani ɗakin shan magani da za su gina, na ga tagogin sun yi ƙanana, na ɗaga hannu na fara magana. Shugabansu ya yi murmushi ya ce, "Baba, an riga an amince da zanen." Kin san abin da na ce.

Abokan zamanina wasu sun rasu, wasu sun koma Abuja wajen 'ya'yansu. A layinmu gidaje uku an rushe su an yi benaye, ban san masu shiga da fita ba. Waɗanda suka rage ma ban san su sosai ba, don katangar gidan nan ni na zana ta, ni na ƙara mata tsawo da hannuna. Bayan la'asar nakan zauna a baranda in ji Malam Sule maigadi da masu gadin maƙwabta a kan bencinsu na bakin get, suna cin abinci kwano ɗaya, rediyo na yi, suna dariya. Ran nan na daure na fita na zauna a gefen bencin. Gaba ɗaya suka miƙe. Malam Sule ya ce, "Alhaji, akwai aike ne?" Na ce babu, iska na fito sha. Suka tsaya a tsaye, hira ta mutu, aka rage muryar rediyo. Na ga na hana su cin abinci, sai na tashi na koma ciki. Ba laifinsu ba ne. Sama da shekara goma yana gidan nan, ban taɓa zuwa wurinsa ba sai da saƙo ko da kyauta.

Wannan shi ne kuskuren da ya haɗa sauran. Na saba da zama mai bayarwa har na kasa koyon neman komai a wurin kowa, ko shawara, ko hira. Wanda kullum shi ke miƙa hannu daga sama, ana girmama shi, amma ba a zama da shi. Ke ki yi dabara tun yanzu. Inda kika je yin aiki, ki sha ruwansu, ki ci abin da suka ba ki, ki tambaye su abin da ba ki sani ba, ki bari su ma su yi miki alheri. Ki koma bayan an kwashe rumfa, ke kaɗai, ba tare da baƙi ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi yi min wuyar rubutawa, don roƙo ne. Ke ce ta ƙarshe a gidan nan. Tun rasuwar Ummanki, muryarki ce ke sa in san gari ya waye. Ban ce kada ki tafi ba, ba zan kuma ce ba, aikin ya dace da ke. Na san za ki riƙa kira, kina da kirki. Za ki ce, "Abba, ka sha magani? Ka ci abinci?" In ce na sha, na ci, shi ke nan mu ajiye waya. Yayyenki haka suke yi, Allah Ya yi musu albarka, minti biyu mun gama. Ba wannan nake roƙo ba. In an ba ki wani zane, ko kulob ya ɗora miki wani aiki, ki kira ni ki ce, "Abba, ya kake gani?" Ko da kin san amsar, ki tambaye ni. Zan yi surutu, zan kawo tsohon yayi, wani abin ki watsar. Amma ki bar ni in ƙarasa maganata.

Allah Ya tsare min ke daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a hannunki da abin da zai zana, Ya sa aikinki ya amfani waɗanda ba za su taɓa sanin sunanki ba. Allah Ya jiƙan Ummanki, Ya yafe min abin da ban saurara ba. Ki kula da salla, ki kula da kanki. Ni kuma ina nan gida, wayar tana aljihuna.

Wassalamu alaikum.

Abbanki.